Jirgin faiba a Kogin Kaduna: yashi, leda da wayar 'yar tirela

Duk bidiyon da za ka kalla a YouTube kan kula da ƙaramin jirgin ruwa maganar gishiri suke yi, wai in ka fito daga teku ka wanke inji da ruwan famfo, ka kula da tsatsa, kaza da kaza. Mu nan Kaduna ina muka ga teku? Ruwanmu babu gishiri, abin da ke cin kayanmu yashi ne da laka da ledar fiya wata, sai kuma zaman banza da jirgi ke yi tun daga sanyi har bazara in ruwa ya ja baya duwatsun kogi sun fito fili. Kuma abubuwan da ke tsayar da kai a tsakiyar ruwa ko a bakin titi ba manya ba ne, 'yar roba ce, ko 'yar waya, ko boris ɗin da giris ɗinsa ya wanke.

Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi wani jirgin faiba (wanda aka ƙera da zaren gilashi maimakon katako) na hannu, ɗan madaidaici, ya zo da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 da 'yar tirelar da ake ɗora shi a ja da mota. In kogi ya cika wajen Agusta da Satumba muna sa shi ta ɓangaren Kabala, in ya ja baya kuma mu ja shi zuwa dam ɗin Kangimi kamun kifi. Yaya shi ne mai mota, ni ne mai dauɗar hannu.

Wanda ya buɗe min ido kan injin wani dattijo ne da ya daɗe yana gyara wa masunta inji a wajen Shiroro kafin ya dawo gari. Ranar da na fara kai mishi, ya sa ƙafar injin cikin duro cike da ruwa, ya ja igiya, inji ya tashi, ni ina ta murna ina sauraron ƙara shi kuwa ko kallon sama bai yi ba, idonsa na kan wani ɗan rami a gefe inda ruwa ke tsartuwa. Yace min, "Ɗana, in ka tada inji ka fara duba ko yana fitsari, in ba ya yi kashe shi kawai, kar ka ce bari in ga." Nace Baba ko na minti ɗaya? Yace minti ɗaya ya isa ya ƙona maka robar.

Injin nan ba shi da lagireto irin na mota, ruwan kogin yake zuƙa ta wasu ramuka a ƙafarsa, wata roba mai fukafukai da ake ce wa infela ta tura shi sama ya zagaye kan inji ya fito. Ruwan ne ke sanyaya robar kanta, shi yasa tada inji a busasshe ko don gwaji ne kashe ta yake yi. Toh a wajenmu abu uku na gani suna hana fitsarin nan. Na farko leda, kana cikin tafiya ta manne a bakin ramukan, sai ka kashe inji ka ɗaga ƙafar ka cire da hannu shikenan. Na biyu zai ba ka dariya, zanzaro ne, in inji ya yi wata biyu a jingine a zaure sai ya shiga ɗan ramin ya yi gininsa na laka, ka zo ka ɗauka famfo ya mutu alhali tsinken waya kawai ake zurawa. Yanzu in zan ajiye inji sai na liƙe ramin da tef. Na uku shi ne na gaske, yashi. Ruwan damina ja ne wur, cike da yashi, kuma duk sanda ka matso gaɓa farfela tana tono ƙasa famfo na sha. Da muka kwance namu fukafukan robar sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, biyu sun tsage a gindi, farantin ƙarfen da take gogawa kuwa duk ya yi zane-zane har farce na maƙalewa. In ka canza roba ka bar farantin nan da kofin da robar ke juyawa a ciki a haka, sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Canjin ba wuya, ka raba sandar giya, ka kwance notinan ƙafar ta sauko, ka buɗe gidan famfon. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ke riƙe robar a jikin shaf, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa don in ya faɗa cikin yashi sai dai haƙuri. Wajen mayar da gidan kana dannawa kana juya shaf ɗin ta hannun agogo fukafukan su kwanta ta gefe ɗaya. Giris a haƙoran shaf, ban da samansa. Ni duk shekara kafin ruwa ya sauka nake canzawa ko ta lalace ko ba ta lalace ba, tsohuwar in da sauran rai in jefa ta a akwatin kaya.

Sai man giya na ƙafa. Noti biyu ne, na sama da na ƙasa, ta ƙasa ake ɗura shi har sai ya ɓullo ta sama, a rufe na sama tukuna sannan na ƙasa, mai lamba 90 ake sawa. In ka tsiyaye tsohon ka gan shi fari-fari kamar an dama shi da madara toh ruwa ya shiga, kuma kusan kullum mai laifin ɗaya ne, zaren koma ko na ƙugiya da ya naɗe a bayan farfela ya yanka sil, wato robar da ke hana ruwa shiga. Ba ka ganinsa daga waje sai ka cire farfelar, wani lokaci ka samu zaren ya narke ya zama wani zobe mai tauri. Inda duk masunta ke aiki, cire farfela a duba ya zama dole, aikin minti biyar ne.

Fetur ba zan ja shi ba. Injin ɗan gauraye ne, kashi 50 na fetur kashi 1 na man 2T, wato tanki mai lita 25 rabin lita yake sha, kuma na injin ruwa ake nema wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa, baƙin man mota da wasu ke zuba wa ƙaramin janareto toshe fulogi yake yi. Tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 babu mai son zubar da ko kofi ɗaya, amma man da ya kwana wata uku a kafireto gam yake zama, gara ka cire tiyo ka bar inji ya shanye na cikinsa kafin ajiya. Man jarka na bakin titi kuwa sai na tace, na bar shi ya kwanta a gora mai haske in ga ko ruwa zai taru a ƙasa.

Inda na fi shan rana shi ne wutar 'yar tirelar. Abu ne da kowa ke rainawa har sai ya taso daga Kangimi da magariba ya hau titin Mararrabar Jos, tankoki na bin bayansa, shi kuma jirgi ya rufe fitilun motarsa gaba ɗaya. Tirelarmu 'yar Turai ce, filoginta mai ƙafa 7, motar Yaya kuma 'yar Amurka, soket ɗinta mai ƙafa 4 a jere, kuma tsarin ba ɗaya ba ne sam. A na Turai kowane aiki da wayarsa: ruwan ɗorawa sigina ta hagu, koriya ta dama, ja birki, ruwan ƙasa da baƙa ƙananan fitilun dare na dama da hagu, shuɗiya ta hazo, fara kuma ita ce at, wato nagatif da ke mayar da wuta. A na Amurka birki da sigina waya ɗaya suke bi a kowane gefe. Wanda ya haɗa su kafin mu saya murɗa wayoyin kawai ya yi ya naɗe da baƙin tef, sai ka taka birki sigina ta ɗan yi ja-ja, ka sa sigina duka fitilun su kama ƙyaftawa tare.

Na kai wa wani mai rewaya a Panteka, kallo ɗaya ya yi yace, "Oga, at ne." Kuma gaskiyarsa. An bar ƙarfen tirelar ne ya zama hanyar komawar wuta, ta bi ta ƙwallon da ke haɗa ta da mota, toh ƙarfen da ke shiga ruwa yana fita ai tsatsa ce a kowace mahaɗa, wuta ta rasa hanya sai ta bi ta cikin sauran ƙwayayen fitila ta koma, shi ne kake ganin suna wannan haukan. Muka ja farar waya tun daga filogi har kowace fitila, ba ruwanmu da jikin ƙarfe, muka sa wa motar soket mai ƙafa 7 aka ɗauko kowace waya daga fitilarta ta baya tunda motar tana da ƙwan sigina daban. In motarka sabuwa ce mai kwamfuta kar a yanka mata waya haka kawai, akwai ɗan akwatin rile da ake sawa a tsakani.

A nan na koyi gane wayar bogi. Ya ɗauko guda biyu duka ja kamar tagulla, ya kankare ɗaya da reza sai ga fari a ciki, alminiyon ne aka shafa wa tagulla a sama, ya kara mata ashana ta lanƙwashe ta zube, ta gasken kuwa sai dai ta yi baƙi tana nan a miƙe. Irin ta farkon in danshi ya shige ta gari take zama a cikin robarta, daga waje lafiya lau, mita kuma ta ce babu wuta. Duk mahaɗa da dalma muka yi, aka sa robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, aka cusa giris a ramukan soket.

Duk da haka fitilar da ke nutsewa a ruwa ba ta da tsawon rai, ƙwai mai wat 21 in ya yi zafi ya taɓa ruwan sanyi fashewa yake, na LED da aka ce a rufe suke ma laka na samun hanya. Abin da ya raba ni da wannan wahala katako ne. Na sami falanki mai faɗin jirgin na ɗaura fitilun duka a kai da waya doguwa, in za mu hau titi in ɗaure shi a bayan jirgi, in mun iso gaɓa in kwance in sa a but. Fitilun ba su ƙara ganin ruwa ba, ga shi sun hau sama inda direban baya zai gan su, ɓera ma bai samu ya ci wayar a gareji tunda a ɗaki take kwana. Wasu sun ce bai yi kyau ba, ni dai ban damu ba.

Boris na taya shi ma ruwa ne ajalinsa. Ka yi tafiya cibiyar taya ta ɗau zafi, ka tura ta cikin ruwa nan take, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin sil, bayan sati biyu giris ya koma ruwan kunu. Yanzu in mun isa sai mu sauke kaya mu sha shayi ta huce tukuna. A hanya kuma in mun tsaya nakan ɗora hannu a kan kowace cibiya, ɗumi ba komai, wadda ta fi 'yar uwarta zafi ita ce ke shirin ba ka kunya. A gida ka ɗaga da jak ka juya tayar, in ka ji gurnani ko ta yi girgiza a hannu kar ka fita da ita.

Jikin jirgin kuwa duwatsun kogin nan ba sa wasa. Masu kwale-kwalen katako da ke ɗibar yashi su da tsumma da kwalta da ɗan gwangwani sun gama faci, faiba sai ya bushe ƙarau, ka goge da samfefa ya fi ramin faɗi sosai, ka shimfiɗa zaren gilashin kana jiƙa shi da rezin, wato ruwan gam ɗin da ke daskarewa ya yi tauri, ƙaramin yanki a ƙasa babba a sama ko akasin haka duk ana yi, muddin babu kumfar iska a ciki. Maganin da ake ɗiga wa rezin ya daskare kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai, kuma a zafin Maris da Afrilu kafin ka gama shafawa ya daskare a kofi har yana ɗaukar zafi, don haka da sassafe nake yi a inuwa, in dama kaɗan-kaɗan. Sa safar hannu, ƙaiƙayin zaren nan sai ya kwana biyu a jiki.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa ta kuma wajabta rigar ruwa, wato wadda ke hana mutum nutsewa, mu ma ba mai hawa namu sai da ita, har abokan Yaya masu cewa sun iya iyo tun suna yara. Rigar ma tana son kulawa, rana na cinye maɗaurinta, ka ja da ƙarfi ka gani in zaren ya fara rugurgujewa ta tashi aiki. Igiyar kashe inji, wadda in ta fizge inji ya mutu, tana ɗaure a hannuna duk sanda nake tuƙi, kuma a akwatin kaya akwai fulogi biyu, sifanar fulogi, filaya, fin na farfela, tsohuwar infela, igiyar tada inji ta safaya, filafili biyu da robar kwarfe ruwa. Bana abin da ya rage min sifirin ɗin tirelar ne, na hagu ya fara zama, in an gama ruwa zan kai wa mai walda mu sauke aksil ɗin gaba ɗaya mu canza duka biyun.