Godiya ga waɗanda suka tsaya mana kan takardun ɗiyarmu da ke Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, katin zama na ɗiyarmu da ke aure a Faransa ya fito. Ta je ta karɓo shi da hannunta, na shekara 2 ne. Mu ƴan uwanta na nan Maradi da na can, da muka bi dosiyen tun ranar da aka ajiye shi, mun ga bai kamata mu yi shiru ba. Mutane da dama sun sa hannu a wannan al'amari, wasu ba su ma san girman abin da suka yi ba. Za mu gode wa kowa a kan abin da ya yi, mu kuma faɗi amfanin da ya yi, domin akwai gidaje a Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari da ke da ɗiya ko ɗa a irin wannan hali.

Wadda ta auri mai takardar ɗan ƙasar Faransa takan shiga da biza ta dogon zama, mai shekara 1, wadda ke tsayawa a matsayin katin zama. Dole a tabbatar da bizar ta intanet cikin wata 3 da sauka. Sabuntawa kuma ta ANEF, shafin intanet na gwamnatin Faransa na takardun baƙi, ake yinta, tsakanin kwana 120 da kwana 60 kafin ranar ƙarewa. Wanda ya bari har bizar ta mutu bai ajiye ba, ban da wahalar da zai sha, akwai tarar Yuro 180, wajen jika 118 ke nan a kuɗinmu. Ɗiyarmu ta ajiye a kan lokaci. Duk da haka ranar ƙarewar biza ta zo ta wuce ba a yanke hukunci ba. Daga nan ne wahalar ta fara.

Godiyarmu ta farko ga yayarmu, matar da ta daɗe a can, wadda ta zauna da ita gaban kwamfuta ta bambance mata takardu uku da mutane ke cakuɗawa. Ta farko ita ce shaidar ajiye buƙata, wadda ke fitowa nan take bayan an aika dosiye. Wannan ba ta ba kowa izinin zama, a jikinta ma an rubuta haka. Shaida ce kawai cewa an ajiye, da ranar da aka ajiye. Ta biyu ita ce atestasiyon tsawaita bincike, wadda ya kamata ofishin firfe ya saka a shafin mutum idan dosiyensa cikakke ne, ya ajiye a kan lokaci, kuma takardarsa ta ƙare ba a gama dubawa ba. Ba ta wuce wata 3, amma ana sabunta ta. Ita ce ke riƙe da komai: izinin zama, izinin aiki, da haƙƙoƙin da suka rataya a kansu. Ta uku ita ce shaidar an amince, wadda ake riƙewa kafin a buga katin. Da yawa suna ganin ta farko sai su kwanta da murna, sai ranar da mai gidan aiki ya nemi takarda su gane ba su da komai a hannu. Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Ke kika ce a buga kowace takarda a ajiye a jaka ɗaya, a kuma ɗauki hoton fuskar kwamfuta duk lokacin da aka shiga shafin, ranar tana fitowa a jiki. Waɗannan hotuna su suka zama hujja daga baya.

A nan akwai kuskuren da muke so a kiyaye. Wasu kan ce ai doka ta ba da rarar wata 3 bayan kati ya ƙare. Gaskiya ne, amma ga mai katin shekara 10 ko na shekara 4. Mai bizar shekara 1 ba ya ciki. Ranar da ta ƙare, in babu atestasiyon tsawaitawa, babu abin da zai nuna.

Abin da ke biyo baya kuwa ba ya jira. Dokar aiki ta hana mai gidan aiki riƙe baƙon da ba shi da izini, saboda haka ko yana son ma'aikaciyarsa sai ya dakatar da ita. Asusun taimakon iyalai na CAF na iya tsayar da kason taimakon da ya shafe ta. Ofishin neman aiki na France Travail na iya cire sunanta. Inshorar lafiya ce kaɗai ke ɗan jinkirtawa, tana ci gaba wata 6 bayan ƙarewar takarda. Muna godiya ga mai gidan aikinta, wadda ba ta kore ta ba, ta dakatar da kwantiragin kawai, kuma ta rubuta wasiƙa da sa hannu da hatimi tana cewa in takarda ba ta zo ba zuwa rana kaza, aikin ya tafi. Wannan wasiƙa ta yi nauyi ƙwarai, domin alƙali ba ya aiki da "muna cikin damuwa", sai ya ga asarar a rubuce.

Nan gida kuma, godiya ta musamman ga kawunmu da ya bar shagonsa a babbar kasuwa ya yi ta kai da kawo a ma'aikatar magajin gari. Ana tsakiyar jira aka turo saƙo a shafin ana neman cikakken kwafin takardar haihuwa, ba ɗan guntun da aka saba cirowa ba. Irin wannan saƙo yana zuwa da wa'adi, in ya wuce ba a amsa ba ana iya rufe dosiyen gaba ɗaya, a koma farko, alhali biza ta riga ta mutu. Kuma ba kullum ake ganin sanarwar a akwatin imel ba, takan faɗa cikin tarkacen saƙonni, shi ya sa muke cewa a shiga shafin kansa aƙalla sau biyu a mako. Sa'ar da muke da ita, takardunmu na Nijar da Faransanci suke, ba sai an biya mai fassara ba. Inda muke faɗuwa shi ne rubutun suna. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa da takardar aure, ko sunan uba ya koma gurbin sunan yanka, sai dosiye ya tsaya. Kawu ya jera takardun uku a kan tebur ya bi su harafi bayan harafi kafin ya aika. Allah ya ƙara buɗi, Kawu. Haka ma ƙanenmu mai shagon kwamfuta, da ya ƙi ɗaukar hoton da salula, ya sa a na'urar sikana, kowane shafi ya fito da hatiminsa a sarari kuma bai yi nauyin da shafin zai ƙi karɓa ba.

Mijinta ma ya cancanci a ambace shi. Katin matar aure ya dogara ne a kan hujjar cewa suna zaune tare, ba a kan takardar aure kaɗai ba. Auren da aka ɗaura a nan sai an shigar da shi a rajistar Faransa, wadda cibiyarta ke birnin Nant, wannan an riga an yi kafin biza. Abin da ake nema a sabuntawa shi ne takardar haya da sunayen biyu, takardar kuɗin wuta, takardar haraji ta haɗin gwiwa, asusun banki ɗaya in akwai, da sanarwar zaman tare da su biyun suka sa wa hannu. A al'adarmu mai gida ne ke sa sunansa a kan komai, yana ganin ya ɗauke wa iyalinsa nauyi. A can wannan kirki yakan zama matsala, domin sai a duba shekara guda ba a ga sunan matar a ko da takarda ɗaya ta gidan ba. Surukinmu ya ji shawara tun watannin farko ya ƙara sunanta. Allah ya bar ku tare.

Sai babbar godiya ga lauyar da ta karɓi maganar, da ma'aikatan sa kai na ƙungiyar taimakon baƙi da suka haɗa mu da ita. Abin da suka fahimtar da mu ya kamata kowa ya sani. A dokar Faransa, in ofishin firfe ya yi shiru wata 4 a kan buƙatar katin zama, ana ɗaukar shirun a matsayin an ƙi. Wannan ba ya nufin an jefar da dosiyen, suna iya amincewa daga baya. Amma yana canza ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kafin wata 4 su cika, ana iya roƙon alƙalin gaggawa na kotun harkokin mulki ya umarci a ba da atestasiyon. Bayan sun cika, wannan hanya takan toshe, domin a idon doka an riga an yanke hukunci. Sai a shigar da ƙarar soke ƙin, a haɗa da roƙon dakatar da shi cikin gaggawa, a nuna abu biyu: akwai gaggawa, kuma akwai shakka mai ƙarfi a kan halaccin hukuncin. Ga mai sabuntawa, kotu takan ɗauka akwai gaggawa tun farko. Akwai hanya ta uku da alƙali ke yanke hukunci cikin awa 48, amma sharuɗɗanta masu tsauri ne, ba a shigarta sai da shawarar lauya.

Kafin kotu, lauyar ta sa aka aika wasiƙa ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu a dawo da shaidar karɓa, ana neman dalilan ƙin. Suna da wata 1 su amsa, in ba su amsa ba wannan kansa hujja ce. Imel goma ba su kai wannan ƴar takardar shaidar karɓa ɗaya ba. Ana iya kai kuka ga ofishin mai kare haƙƙoƙi, kyauta ne kuma yana da wakilai a kowane yanki, sai dai kai masa kuka ba ya tsayar da lissafin wa'adin kotu, wanda yake wata 2. Ƙungiyoyi irin su Cimade suna ba da shawara kyauta, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya. Ba a kai ga zaman kotu ba ma aka saka mata atestasiyon, aka mayar da ita bakin aiki, daga baya shaidar amincewa ta biyo.

Godiyar da ta fi taɓa mu ita ce ta iyayenmu. Ana cikin wannan hali aka sa ranar auren ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya san abin da ke nan ga babbar ɗiya. Inna da bakinta ta ce kar ta zo. Baba Alhaji ya kira ta ya ce ya yafe mata, ta zauna inda take. Da tsohuwar zuma ake magani. Fita daga Faransa ba ta da wuya, komawar ce. Mai shaidar ajiye buƙata kaɗai ba za a bar shi ya hau jirgin komawa ba. Mai atestasiyon tsawaitawa ta sabuntawa yana iya tafiya ya dawo, in ya haɗa ta da tsohuwar bizar da fasfo mai rai, matuƙar bai bari ta ƙare yana waje ba. Wanda tasa ta buƙatar farko ce, ba ta ba shi wannan dama. In kuwa mutum ya maƙale, sai bizar komawa, ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun 2 ga Janairun 2024. Da can tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu ce daga Maradi, yanzu sai an tsallaka wata ƙasa. Kuma barin gidan miji na tsawon watanni ana cikin binciken zaman tare yana iya ɓata dosiyen kansa. Inna, mun ga hawayenki ranar kamu, mun kuma san dalilin da ya sa ba ki bari a gaya mata ba. Allah ya ba ki Aljanna.

Muna godiya ga Malam Liman da almajiransa da suka yi ta addu'a, da matan gidan da suka yi karo-karo aka aika mata a watannin da albashi ya tsaya. Muna godiya ga waɗanda suka ji rade-radin cewa an sake ta ko an kama ta, suka ƙi ɗauka, suka zo suka tambaye mu kai tsaye. Da abokin mijinta da ya hana a ba wani ɗan kamasho kuɗi don wai ya san wani a ciki. Duk wanda ya karɓi lambobin sirrin shafinka zai iya canza imel ɗin da ke ciki, daga nan saƙonnin dosiyenka wurinsa za su riƙa zuwa.

Da katin ya iso an duba suna da ranar haihuwa da ranar ƙarewa kafin a bar tagar, an biya tambur na adadin da aka rubuta a saƙon salula. An kuma ƙirga kwana 120 baya daga ranar ƙarewa an rubuta a kalanda, an duba fasfo don kar ya mutu kafin lokacin, domin sabunta shi daga waje yana cin nasa lokacin. Ta ci gaba da karatun Faransanci, tunda katin shekara 10 yana neman matakin harshe da ya fi wanda take da shi yanzu.

In Allah ya yarda za a yi saukar Alƙur'ani da sadaka a gidan Baba Alhaji ranar Juma'a bayan La'asar, muna gayyatar kowa. Wanda muka manta ba mu ambata ba ya yi mana afuwa. Waɗanda nasu dosiyen ke jira har yanzu, Allah ya kawo musu mafita, kuma su zo da takardunsu ranar, za mu zauna mu duba tare bayan an shafa fatiha.

Wassalamu alaikum.