Godiya bayan taron horarwa kan hannun mai shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum. Mu masu gashin ƙashi da muka shirya taron ranar Asabar a nan Zariya muna miƙa godiya ga likitoci, ma'aikatan jinya, ɗalibai da abokan aiki da suka taso tun daga Kaduna da Funtua. Godiya ta musamman ga iyayenmu marasa lafiya da suka yarda aka gwada hannunsu a gaban jama'a. Allah ya ƙara sauƙi.

Kullum iyali na tambaya, "Hannun nan zai dawo kuwa?" Shi ya sa muka daɗe a kan tsarin PREP2 na hasashen yadda hannun zai dawo, wanda masana a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan suka fitar a 2017. A rana ta 3 bayan ciwon, a sa majiyyaci ya ɗaga hannu gefe daga kafaɗa, sannan ya miƙe yatsu. Kowanne maki 0 zuwa 5 ne, jimilla 10. Wanda ya samu 5 ko sama, kuma bai kai shekara 80 ba, ana sa ran hannun ya dawo sosai cikin wata 3.

In makin bai kai 5 ba, sai a gwada ƙwaƙwalwa da na'urar TMS, mai zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, cikin makon farko: a ɗora faifan maganaɗisu a kai, a manna wayoyi a tsokar hannu. In tsokar ta amsa, hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu tana nan, ko da hannun na kwance. In ba ta amsa ba, a duba makin NIHSS, wato ma'aunin tsananin ciwon. 7 ko sama na nufin da wuya hannun ya yi aiki. Ba a yi wa mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai gwajin TMS.

A kula da mai karkata jiki don ya ɗaga kafaɗa, da wanda ciwo ya hana, da wanda bai gane umarni ba. Duk suna ɓata maki. Hasashen na dacewa ga kusan mutum 3 cikin 4, don haka kada a faɗe shi kamar hukunci. Yawancin asibitocinmu ba su da na'urar, amma gwajin farko hannu kawai yake buƙata. Abin da ke damun mu shi ne kawo majiyyaci bayan makonni a gida, lokacin gwajin ya wuce.

Mun gode wa waɗanda suka ba mu ɗakin taro da masu abinci. Allah ya saka da alheri.