Laraba: lamba biyu, ƙidaya ɗaya

Tun bayan sallar asuba nake kan babi na biyu na aikin kammala karatuna, ban samu natsuwa ba sai bayan isha'i. Layi ɗaya ne ya cinye min yini, wato yawan mutanen Jihar Kano a ƙidayar 2006.

Jiya Malam ya dawo min da babin. Ya zagaye lambar da jan biro, a gefe ya rubuta, "In ji wa?" Abin ya tsaya min a rai, don na san daga wani shafi na kwaso ta, shafin da babu sunan marubuci, babu kwanan wata.

Da na koma nema sai na tarar da lamba biyu. Wasu shafuka sun ce 9,383,682, wasu kuma 9,401,288, kowa na cewa ta 2006 ce. Tazarar ba ta kai dubu ashirin ba, amma ai sau ɗaya aka ƙirga mutanen nan. Har na yi niyyar ɗaukar wadda ta fi yawan fitowa a Google, sai yayata, da ke gefe tana gyaran shinkafa, ta ce, "Ke ƙanwata, in mutum goma suka ji magana a bakin mutum ɗaya, ai shaida ɗaya gare ki. Nemi wanda ya fara faɗa."

Na buɗe Wikipedia, amma wannan karon ban tsaya a rubutun sama ba. Na gangara ƙasa inda ake jera madogara, na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya har na kai ga alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ashe lambar farko sakamakon wucin gadi ce da aka sanar a Janairun 2007, lokacin da aka ce mutanen Najeriya 140,003,542 ne. Ta biyun ita ce ta ƙarshe, wadda ta fito a 2009 a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta ta hukuma, jimillar ƙasa ta koma 140,431,790. Legas ma haka, daga 9,013,534 zuwa 9,113,605. Ba wanda ya yi ƙarya ke nan, wasu dai sun tsaya a tsohuwar, ba su faɗa ba. Wallahi na ji daɗin gano wannan da kaina.

Daga nan idona ya buɗe kan sauran babin. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Don haka duk inda na rubuta cewa "yanzu" Kano na da miliyan kaza, ƙiyasi ne, dole in kira shi da sunansa, in faɗi wanda ya yi shi da shekarar. Wuri uku na gyara. Akwai kuma inda na kwatanta Kanon da da ta yanzu, na manta sai a 1991 aka fitar da Jigawa daga cikinta. Wannan sakin layin gaba ɗaya na goge shi, kuma shi ne wanda na fi so a babin.

Data ta kusa ƙarewa, sai na sauke takardun a waya, na rubuta sunan hukumar da shekarar bugawa a bayan littafina. Gobe ƙarfe goma zan kai wa Malam.