Idan babu fuskar da za a tambaya

Lokacin da muke ofis, ni ake turawa idan abokin ciniki ya fusata. Ƙaramin kamfani ne mai tsara shafukan intanet da manhajoji ga 'yan kasuwa, ni kuma nake tsakanin masu ba mu aiki da masu yin sa. Na iya zama da mutum, na iya lallashi, ina kallon fuskarsa in san inda zan sassauta. Har ga Allah na ɗauka sadarwa ba fannin da nake da sauran karatu a kansa ba ne.

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a jima ba muka kwashe kwamfutocinmu kowa ya koma gida. Ba mu kaɗai ba ne. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga kimanin miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Da annobar ta lafa, mu ba mu koma ofis ba, sai ma aka ɗauki ma'aikata daga wasu ƙasashe. Akwai waɗanda muka yi shekaru muna aiki tare ban taɓa musabaha da su ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru a farkon 2021. Wani abokin cinikinmu a Amurka ya turo imel yana cewa yana son aikinsa ranar 03/04. Na karanta 3 ga Afrilu, na sa a kalanda, na rubuta masa: "To, ba damuwa." Na raba wa abokan aikina aikin bisa wannan lissafi. Ranar Alhamis 4 ga Maris da yamma sai ga saƙonsa, yana tambaya ƙarfe nawa za mu turo. A Amurka wata ake fara rubutawa sannan rana. Shi 4 ga Maris yake nufi tun farko, mu kuwa ko rabin aikin ba mu yi ba.

Mutum huɗu suka yi kwana tara suna aikin dare saboda kalmomi ukun da na rubuta. Mun miƙa aikin a makare, kuma mutumin bai sake ba mu wani ba. Da na koma kalanda daga baya, na ga 3 ga Afrilu ta faɗo ranar Asabar, ranar da kamfaninsa ba ya aiki. Da na tsaya na rubuta sunan ranar, da nan take zan ga akwai abin tambaya.

Shugaban sashenmu ya kira ni a waya. Bai yi faɗa ba.

"Malam, da ya ba ka ranar, ka maimaita masa ita?"

"Ranka ya daɗe, na ce masa ba damuwa."

"To ai ba damuwar ce ba ta gaya masa abin da ka fahimta ba. Ta dai gaya masa ka ji."

Shi ya ba ni labarin hatsarin filin jirgin sama na tsibirin Tenerife da ke ƙasar Sifaniya, wanda na je na karanta daga baya. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Daga cikin musabbabin akwai magana mai harshen damo a rediyo: matuƙin ɗayan jirgin ya ɗauka an ba shi izinin tashi, mai kula da zirga-zirga kuma ya ɗauka jirgin yana tsaye yana jira. Bayan nan aka ƙara tsaurara ƙa'idar kalmomin da ake amfani da su, har kalmar tashi ma ba a furta ta sai lokacin ba da izini ko soke shi. Kuma a aikin jirgin sama, matuƙi yakan maimaita umarnin da aka ba shi, mai ba da umarnin ya saurara ya tabbatar. A namu aikin ba rai ake rasawa ba, amma ramin iri ɗaya ne: mutum biyu kowa ya tafi da tabbacin an fahimci juna.

Tun daga ranar na daina amsa umarni da "to" kaɗai. Ina mayar wa mutum abin da na fahimta da kalmomina: "Za mu turo maka shafin farko da na biyan kuɗi ranar Alhamis, 4 ga Maris, kafin ƙarfe 5 na yamma agogonku. Fassarar ba ta ciki. Haka ne?" Sunan rana, sunan wata da haruffa, da agogon wa. Batun agogon ma yana da nasa tarkon. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, ƙasashen Turai kuma sai Lahadin ƙarshe ta watan, don haka akwai makonni biyu ko uku da tazarar da ka haddace tsakaninsu ba ta aiki. A farko ina jin nauyin wannan maimaici, kamar ina nuna wa mutum ban yarda da bayaninsa ba. Ban taɓa samun wanda ya ji haushi ba. Abin da na samu shi ne, sau da yawa amsar takan zo da gyara: a'a, fassarar tana ciki.

Na biyu da na gyara shi ne saƙon murya. Da yake bakina ya fi hannuna sauri, nakan danna in yi ta zuba na minti huɗu ko biyar a WhatsApp, in ji na sauke nauyi. Wata abokiyar aikina ce ta cire kunya ta gaya mini gaskiya. Ta ce tana sauraron saƙonnina da ninkin sauri, duk da haka sai ta ɗauki biro ta tsamo abin da nake so daga ciki, kuma bayan mako guda idan tana neman wani adadi da na faɗa, ba ta da hanyar lalubo shi sai ta sake saurare daga farko. Sauƙin da na samar wa kaina, ita na ɗora wa wahalarsa.

Yanzu layin farko na saƙona shi ne buƙatar: me nake so, daga wa, zuwa yaushe. Bayani ya biyo baya ga mai son sa. Gaisuwa tana nan, ba zan bar ta ba, amma tana tafiya cikin saƙo ɗaya da buƙatar. Da nakan tura gaisuwa in jira a amsa sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Idan wanda ka gaisar yana barci a wani ɓangaren duniya, wannan jiran kaɗai ya cinye yini guda. Kafin in tura, ina yi wa kaina tambaya ɗaya: idan ya buɗe saƙon nan ina barci, zai iya fara aikin ba tare da ya neme ni ba?

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne yanayin murya a rubuce. Wani matashi mai zane da muka ɗauka ya turo mini aiki, ina tsakiyar wani abu, na rubuta masa: "Launin bai yi ba. A sake." A raina magana ce ta yau da kullum. Kwana biyu yaron bai ce uffan ba a zauren aikinmu na Slack. Da na kira shi sai na ji muryarsa a sanyaye, ashe ya ɗauka aikinsa ne ke lilo. Labarin zuciya a tambayi fuska, to shi ba shi da fuskar da zai tambaya, sai ya cike gurbin da abin da ya fi tsoro.

Masana sun auna wannan. A wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa a 2005, an sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu da gatse. Masu aikawa ta imel sun yi tsammanin za a gane nufinsu a mafi yawan lokuta, amma masu karɓa ba su wuce canki-canka da wani abin kirki ba, alhali waɗanda suka ji jimlolin da murya sun fi ganewa sosai. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryar kansa a kunnensa yayin da yake rubutawa, ya manta muryar ba ta bin saƙon. Na ga kaina ƙarara a cikin wannan bayani.

Sai na raba hanyoyin. Gyara mai nauyi, saɓani, da duk abin da zai taɓa mutuncin mutum, a waya ko a bidiyo nake yin su, mu biyu kawai. Abin da aka yanke kuma a rubuce, inda kowa zai gani. Idan saƙo ya je ya dawo sau uku ba a daidaita ba, na daina bugawa, in kira. Ƙaramin gyara ma ba na barin sa tsirara: ina faɗin abin da ya yi daidai, da abin da za a canja, da dalili. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni na ga abin da kwana biyun yaron nan suka ci.

Taro kuwa, rage shi muka yi. Na karanta cewa tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya hana gabatar da bayani da PowerPoint, manhajar haska bayani a allo, a tarukan manyan kamfanin, ya ce a rubuto takarda, wadda daga baya ta tsaya a shafi shida, a zauna a karanta ta shiru kafin a fara magana. Mu shafi ɗaya ya ishe mu. Wanda ya kira taro shi zai rubuta, kuma sau da yawa yana cikin rubutawa zai ga ba a buƙatar taron. Iyakar minti 40 da Zoom ke sa wa masu amfani da shi kyauta muka riƙe a matsayin tsawon taronmu, ko bayan mun fara biya. Na kuma ɓoye hoton kaina a allo, bayan Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa kallon kai ba ƙaƙƙautawa cikin abubuwan da ke gajiyar da mutane a taron bidiyo, a 2021.

Abin da ya fi muhimmanci a taron shi ne na daina ɗaukar shiru a matsayin amincewa. Idan ka ce "akwai mai magana?" ga mutum takwas da suka kashe makirfo, ba wanda zai tanka. Wani intanet ɗinsa na yankewa, wani yana jiran na gaba da shi ya fara, wani ya buɗe baki sun yi karo da wani ya fasa. Yanzu suna nake kira, kuma daga ƙananan ma'aikata nake farawa, domin idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, da wuya ƙarami ya saɓa masa a gaban jama'a. Matsaloli da dama daga bakin waɗannan na fara jin su.

Nawa shirun ma na koyi kula da shi. Mutum ya ga alamar ka karanta saƙonsa, awa shida ba amsa, zai fara saƙe-saƙe. "Na gani, zan ba ka amsa gobe kafin ƙarfe 12" ba ya cin minti ɗaya. Haka labari mara daɗi: ranar da na hango aiki zai makara, ranar nake faɗa, tare da sabuwar ranar da zan iya cikawa.

Akwai abin da har yanzu ban samo masa magani ba. Hirar da ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi taro, inda mutum zai ce maka mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ko ya furta shakkar da ya kasa faɗa a ciki, ba ta da gurbi a allo. Mun gwada ware lokacin hira a bidiyo, sai ya zama wani taron. Abin da ya ɗan yi mini aiki shi ne kiran mutum ɗaya duk mako, ba don wani aiki ba, in tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa in saurara. Bai kai zama wuri ɗaya ba, ina kuma kewar wancan.

A watan Afrilun 2025 wani abokin ciniki ya rubuto yana son aikinsa 05/06. Sabuwar ma'aikaciyar da nake koya wa aiki ce ta karɓi saƙon, ta sa ni a kwafi. Kafin in buɗe ta riga ta amsa masa: "Alhamis 5 ga Yuni kake nufi, ko Talata 6 ga Mayu?" Bayan minti goma ya rubuto cewa Mayu ce, kuma ya ƙara da cewa da safe yake so.