Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Ajiye Alli

A makon jiya na tsaya da labarin nan a kan walimar ritaya da 'yan lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, suka shirya mini. An ci, an sha, an yi hotuna, kowa yana “Mushe, Allah ya sa a huta lafiya.” A 2016 ke nan, ina da shekara 60. Da na koma gida a Zango na zauna bisa tabarma, sai na tuna gidan ma na haya ne.

Mu da muka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 muna da uzuri, ko da yake uzuri ba ya cika tukunya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ga albashi yana yin watanni bai zo ba. Wanda ke cin bashin tiyar hatsi a Kasuwar Dole, ina ya ga abin ajiya? Amma in faɗi gaskiya, bayan abubuwa sun daidaita ma ban sayi ko fili ba. Biki, suna, ragon Layya, kuɗin 'yan garuwa (wanda ya zauna Damagaram ya san abin da ruwa ke ci), haka kuɗin suka bi. Lissafina shi ne 'ya'ya za su riƙe ni, kamar yadda na riƙe mahaifina a Mirya. To, babban yana kabu-kabu, na biyun ya tafi Agadas neman na kansa.

Takardun fansho kuwa sai da suka sha zirga-zirga tsakanin nan da Yamai, kuma ko sun fito, abin da za a ba ni bai kai albashina ba.

Wani dare uwargida ta same ni ina ta lissafi a bayan tsohon littafi. Ta ce, “Malam, rufe littafin nan.” Ta shiga ɗaka ta fito da wata takarda a cikin leda. Ashe shekara goma sha ɗaya tana zubin adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da na awaki, waɗannan awakin da nake yi wa faɗa kullum don suna ɓata tsakar gida. Takardar fili ce, a hanyar Mirya.

Na ce, “Hajiya, yaushe?”

Ta ce, “Lokacin da kake majalisa kana shan shayi.”

Yadda muka fara buga bulo, da rigimar da ta taso da ƙanena a kan filin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.