33, 34, 35, to ina ta huɗun?

Lambar 33 dai 3 sau 11 ce, 34 kuma 2 sau 17, sai 35 da take 5 sau 7. Uku a jere, kowacce firam biyu suka haife ta (firam ita ce lambar da ta wuce 1 wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta). Aikin da na ba ɗalibaina na lesin yamma a Tudun Wada ke nan: su nemo lambobin da yawan firam ɗinsu ya zo daidai da na maƙwabciyarsu, ana ƙirga maimaici. Shi ya sa 9 da 10 suka shiga, tunda 9 ɗin 3 sau 3 ce.

Uku a jere ba su ba mu wahala ba, ga 85, 86, 87, ga 93, 94, 95. Ni kuwa sai na ƙwallafa rai a kan huɗu masu firam bibbiyu. Na saka kwamfuta ta yi ta laluben miliyoyi, in an ɗauke wuta in tayar da janareta. Man da na ƙona har yau yana yi mini ciwo. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne masanin lissafi Heath-Brown ya tabbatar tun 1984 cewa lambobi biyu maƙwabta da yawan firam ɗinsu ya zo daidai ba su da iyaka. Na ce to huɗu ma suna can gaba.

Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta kashe maganar. Ta miƙe da alli a hannu ta ce, "Malam, ai ba za a samu ba. Duk lambobi huɗu a jere akwai wadda 4 ke rabawa, ita kuwa 4 ta riga ta cinye firam biyun." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da janareta ya kasa, layi ɗaya ya gama shi! In za ka nemi jeri irin wannan, fara duba abin da 4 da 8 ke hanawa kafin ka sayi mai.

A ranar muka koma kan masu firam uku-uku, muka ci karo da 602 zuwa 606, biyar cur a jere. Da hujjarta muka gane ba za su taɓa wuce bakwai ba, saboda 8. Bakwai ɗin muke nema yanzu, kuma ita na damƙa wa ragamar aikin.