Na je Katsina ajon maigidana

Wani direba da ke jigila tsakanin Kano da Katsina ne ya kawo mini saƙon har shago: 'yan dambe za su yi wa maigidana ajo, kuma an ce duk wanda tsohon ya taɓa ɗaure wa hannu ya zo. Ajo shi ne wasan da ake shiryawa domin mutum guda. 'Yan wasa su taso daga nesa su dambata, abin da aka tara a bakin ƙofa da abin da aka liƙa a fili a damƙa wa mai ajon. Na daɗe da ajiye zaren da 'yan dambe ke ɗaure hannu da shi na kama kasuwa, amma wannan kira ba irin wanda ake cewa sai na duba ba ne.

Da sassafe na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa. Muka bar Dawanau, muka wuce Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya. Tafiyar kamar kilomita 170 ce, kuma lokacin kaka ne: an gama yankan gero, ga dammuna jere a bakin gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Ganin haka ya tuna mini abin da maigida yake yawan faɗa mana, cewa asalin dambe wasan kaka ne, kuma wasan rundawa, wato mahauta. Idan amfanin gona ya shigo gida, mahauta su ɗauki samarinsu da makaɗan kalangu, su bi ƙauyuka ana yanka ana wasa. Yau dambe ya koma gidajen wasa na birane, irin na Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, ana ɗauka a waya ana sakawa a Facebook da YouTube. Maigida kuwa a wancan tsarin na farko ya tashi, har gobe kuma teburin nama ne sana'arsa. Kankiya muka tsaya aka sha fura, daga Charanci kuma sai gudu har Ƙofar Ƙaura.

Mai babur ya bi da ni ta Ƙofar Soro, muka kutsa cikin gari, hasumiyar Gobarau tana leƙo mu ta saman gidaje. Ginin ƙasa ne da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tun ƙarni na 15, kuma ta gefensa muke bi da asuba lokacin da maigida yake fitar da mu gudu. Lungun gidansa bai canza ba.

Na same shi a zaure kan buzu, yara uku zaune gabansa. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da hutawa." Ya ɗago ya dube ni da kyau, sannan ya kama hannuna na dama ya jujjuya shi kamar mai tayin rago. "Autana, hannun nan ya yi laushi. Kasuwa ta karɓe ka ke nan. Ina iyali?" Inna ta aiko da ruwa da tuwon dawa miyar kuka, ta leƙo tana cewa ashe ina raye.

Wanda bai san dambe ba zai yi mamakin yadda ɗan wasa ke yawo da sunan wani a gaban nasa. Shagon wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, Autan wane. Kowane suna yana nuna gidan da mutum ya fito da wanda ya koya masa. Idan ka yi kisa, wato ka kai abokin wasanka ƙasa, maigidanka aka ɗaga; idan ka yi abin kunya a gari, shi za a fara tambaya. Shekarun da na yi ina wasa, garuruwa da yawa ba su san sunana na yanka ba, nasa suka sani.

Bayan azahar na zauna ina kallon sa yana shirya ɗaya daga cikin yaran. Yaron ya riga ya naɗe hannunsa da ƙyalle, abokinsa ya ɗora masa zare. Baba ya danna bayan hannun da babban yatsa, ya girgiza kai, ya warware duka. Ya sa yaron ya dunƙule, ya gyara masa kwanciyar yatsu, sannan ya fara naɗi daga kan dunƙulen yana jan zaren da ƙarfi, yana sassautawa kaɗan da ya iso wuyan hannu don kada jini ya tsaya. Damtsensa cike da tabon tsaga na shekaru, yatsunsa sun kumbura a gaɓoɓi, amma ko sau ɗaya zaren bai kuɓuce masa ba. Ya ce wa yaron, "Idan ya taɓa ƙasa, ka ja baya. Ba a dukan wanda ya faɗi." Kalmomin da ya faɗa mini ne ranar da na fara shiga fili, ba ƙari ba ragi.

Mutane da yawa suna kallon ɗan dambe a matsayin ɗan tasha, kuma ban ce duk masu ɗaure hannu waliyyai ba ne. Amma a zauren nan na koyi tashin asuba, da riƙe fushi, da ciyar da baƙo kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Wannan tsohon ne ya hana ni wasa wata shekara da kafaɗata ta goce, alhali ana ta zuga ni da kuɗi, ya kai ni wurin mai ɗori ya biya daga aljihunsa.

La'asar na yi fili ya cika. Ga 'yan Kudu, ga na Arewa, ga Guramada, wato ɓangarorin da 'yan dambe suka kasu, kowane ɓangare da inda ya yi sansani. Ina neman wurin zama sai na ji kalangu ya juya, wani kiɗa ya tashi da ya sa tsigar jikina ta miƙe. Takena ne. Makaɗinmu, wanda gemunsa ya yi fari fat, ya hango ni tun daga nesa, kuma bai manta ba. Na je na liƙa masa abin da ya samu, ya rungume ni da kalangun a hammata. Makaɗan nan su ne ma'ajiyar tarihin dambe. Wa ya kashe wa, a wane gari, a turmi (wato zagayen wasa) na nawa, duk yana kansu.

Wanda na fi ɗokin gani kuwa shi ne tsohon abokin karawata, ɗan Guramada, wanda ya taso tun daga Gusau. Mun sha haɗuwa a fili. Akwai ranar da muka cinye turmi uku babu kisa, akwai ranar da ya shimfiɗe ni da bahagon hannunsa tun a turmin farko. A daren wannan kisan shi ne ya zo masaukina da ruwan zafi da tsire, ya zauna yana gasa mini muƙamuƙi. Tun daga ranar ba a yi suna ko rasuwa a gidan ɗayanmu ba tare da ɗayan ya je ko ya aika ba. Yana ganina ya ɗaga murya, "Mutumina! Ko za mu ɗaura ne?" Muka riƙe juna muna dariya, yara suna kallon mu.

An yi wasa mai kyau. Yaron da Baba ya ɗaure wa hannu ya yi kisa a turmi na biyu, ya ja baya nan take, ya miƙa hannu ya tayar da abokin wasansa, sannan ya ruga ya durƙusa gaban tsohon. Da aka fito da Baba tsakiyar fili, mahauta da direbobi da tsofaffin 'yan wasa suka yi masa ruwan kuɗi, shi kuma yana ta share ido da bakin rawani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ajo na yini ɗaya ne. Ɗan dambe ba shi da fansho, kuma ciwon gwiwa da na kafaɗa sai bayan an daina tafi suke fitowa. Da dare, mu da muka fito daga hannunsa muka zauna a zauren, har da mutumin Gusau wanda ba ɗan gidan ba ne amma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Muka yanke cewa kowa zai riƙa turo abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata, don maganin Baba da hatsin gida. Makaɗi aka ba riƙon kuɗin, tunda shi ne a gari kuma ya san lambar kowa.

Washegari na yi sallama da Inna, Baba ya sa aka ƙunso mini kilishi na kai wa yara, ya ce in turo masa babban ɗana idan an yi hutun makaranta ya ga tsayuwarsa. Mutumin Gusau ya raka ni tasha, muna tafe muna gardamar ko ƙafata ce ta zame a wancan kisan ko hannunsa ne ya isa. Har motar Kano ta cika ba mu gama ba, ya ce zai kira ni mu ƙarasa.